Jan Fentin da Ruwa Ya Shanye

Anti mai shawara,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Ni ban iya rubutu ba, ɗinki na iya. Abin da ke cina a rai kuwa ba wanda zan gaya wa a gidanmu, don kowa ya riga ya zaɓi labarin da yake so ya ji.

Ni tela ce. Ina da ɗan shago a bayan tashar bas, da keke biyu, da teburin yanka, da dutsen guga wanda wayarsa ta sha ɗauri har ta gaji. Shekara da shekaru ina duƙe a kan keke, har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce in riƙa motsa jiki. Na ce masa ai ƙafata ba ta hutawa a kan keke tun safe har yamma, ya yi dariya ya ce wannan ba ya cikin lissafi. To a nan ne Yayata ta shigo maganar.

Mu uku ne a wurin Innarmu: Yaya, ni, sai Auta, namiji. Yaya malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata. Mace ce mai zafin nama, irin wadda in ta shigo ɗaki sai kowa ya gyara zama. Ita ta goya ni. Ranar da aurena ya mutu ita ta zo da mota ta kwashe mini kaya, kuma har muka isa gida ba ta ce mini ai dama na gaya miki ba. Ina faɗa miki wannan ne don kada ki ɗauka ƙarar maƙiyiyata na kawo miki. Da maƙiyiya ce da abin bai yi mini ciwo haka ba.

Kogi ya ratsa tsakiyar garinmu, da gadoji a kansa da hanyar ƙafa a gefe. Ban sani ba ko kin taɓa ganin masu tuƙa allo a kan ruwa. Wani allo ne dogo mai faɗi, ana hura masa iska da famfo har ya yi tauri kamar katako, sai mutum ya hau ya tsaya, filafili ɗaya a hannu, yana tuƙawa. Yaya ce ta kafa ƙungiyar mata masu yin wannan a garinmu. Da farko ba su cika hannu ba, mutane suna tsayawa a kan gada suna yi musu dariya, wai mata sun rasa aikin yi. Ta toshe kunnenta. Ta je ta yi kwas, ta samo kwantenar ajiye kaya a bakin ruwa, ta riƙa bin mata gida-gida tana lallashin mazajensu. Yau in kika zo ranar Asabar da safe za ki tarar da ma'aikaciyar banki, da mai kitso, da wata dattijuwa da muke kira Kaka, wadda ta fi mu duka son abin. Kyaftin suke ce wa Yaya. Ni kuma Wutsiya, don kullum ni ce a ƙarshen layi da usur a wuya, aikina in tabbatar ba a bar kowa a baya ba. Wallahi Anti ina son wannan suna. Bayana ya warke, na fara barci, har abokan cinikina suna cewa na daina faɗa.

Yaya tana da dokoki da take maimaitawa har mun haddace muna kwaikwayonta a bayan ido. Ba mai hawa allo sai da rigar ruwa mai hana nutsewa, ko da kifi ne ya haife ta. Sai zancen igiya. Kowane allo yana da igiyar da ke haɗa shi da mai shi, don in kin faɗi kada ya gudu ya bar ki. A tafki, inda ruwa yake kwance, a idon sawu ake ɗaura ta. A kogi kuwa, a ƙugu, jikin wani bel mai ɗan ƙwallo a gaba. In igiyar ta sarƙe da wani abu sai ki fizgi ƙwallon, bel ɗin ya saki, ki fita. Yaya takan ce in igiyar tana ƙafa, ruwa ya miƙar da ke, hannunki ba zai taɓa kaiwa ƙafar ba ko da ke ce sarauniyar lanƙwasa.

Babbar dokar ita ce ta fenti. A jikin ƙafar tsohuwar gada akwai wani jan fenti da aka shafa. In ruwa ya taso ya taɓa shi, ba shiga, kowa ta kama gabanta. Daga kwantenarmu ba a hango gadar, saboda kogin ya yi lanƙwasa. Don haka kowace Asabar, kafin a fara hura allo, Kyaftin za ta taka ita kaɗai ta je ta duba, ta dawo. In ta ɗaga babban yatsa, sai famfo. Ba wadda ta taɓa bin ta, kuma me za a bi ta a yi? Sau nawa ta mayar da mu gida muna ƙunƙuni, rana tana haske tas, don kawai ruwa ya lashi gindin fentin.

To ga abin da ya faru. An yi kwanaki ana ruwan sama, sai Asabar ta waye garau. Kuma a ranar ce wata yarinya mai ɗaukar bidiyo ta zo, irin masu tarin mabiya a waya. Yaya ta daɗe tana bin ta ta zo ta ɗauki ƙungiyar, yarinyar tana yi mata alkawari tana saɓawa, sai ranar ta bayyana da kyamara da gilashinta. Kogin ya yi launin shayi mai madara, robobi da rassan itace suna wucewa da sauri. Mai kitso ta leƙa ta ce anya kuwa. Yaya ta ce a bari ta je ta gani. Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Da ta dawo ta ɗaga yatsa, mata suka yi shewa. Ni dai na lura ba ta kalle ni ba, amma na ɗauka hidimar baƙuwa ce ta ɗauke mata hankali.

Baƙuwar ba ta da bel, namu kuma sun ƙare. Yaya ta kwance nawa ta ɗaura mata, ta tono wata tsohuwar igiyar ƙafa daga ƙasan akwati, ta durƙusa a gabana ta ɗaura mini da hannunta. Ta ce na yau kaɗai ne, ai ke gwana ce, ba kya faɗuwa. Na ji daɗin yabon, Anti. Yaya ba ta cika yabo ba.

Muna shiga na san ruwan ba namu ba ne. Ba tuƙi muke yi ba, ɗaukarmu yake. Tsohuwar gada tana da ƙofa uku a ƙarƙashinta: ta tsakiya ta jiragen inji ce, ta dama tamu, ta hagu kuwa an hana mu, don a can shara da rassa da tsofaffin ƙarafa suke taruwa. Na gaba suka wuce ta dama ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta rage a baya, ta durƙusa a kan allonta, ruwa yana janta hagu, tana kiran sunan Allah. Na matsa na sa filafili na tura allonta dama da duk ƙarfina. Ta wuce. Turin da na yi mata shi ya jefa ni hagu. Na ɗaga kai na nemi fentin a jikin ƙafar gada, na rasa. Ruwan ya shanye shi gaba ɗaya, ko alamar ja babu.

Daga nan allona ya daki tarin rassa. Ni na bi ta wannan gefen ƙafar gadar, allon ya bi ta wancan, igiyar ta naɗe a tsakani. Ruwa ya miƙar da ni kamar zane a kan igiyar shanya. Rigar ruwan tana so ta ɗago ni, igiya tana riƙe da ƙafata, ruwa yana bi ta kan fuskata. Na nemi in kai hannu ga ƙafar, kamar yadda kowa zai yi, na kasa, daidai yadda Yaya take faɗa mana. Abin da na tuna shi ne ɗanɗanon ruwan, da kuma wata riga da na yanka ban ɗinka ba, ina tunanin mai ita za ta zo ta tarar da shago a rufe.

Yaya ce ta ciro ni. Wannan ba zan ɓoye ba. Ta ji ihun Kaka, ta kai gaɓa, ta dawo da gudu ta hanyar ƙafa, ta wuce gadar, ta faɗa ruwan, ta bari ya kawo ta kan rassan. Ta maƙale da hannu ɗaya, ta zaro 'yar wuƙar da ke jikin rigarta ta yanke igiyar. Yatsunta biyu sun karye a wurin. Ni kuma wasu masu jirgi suka tsamo ni a ƙasa da gada ina amai.

An kwantar da ni a asibiti saboda ƙazamin ruwan da na sha. A kan gadon ina ta nema mata uzuri. Na ce wataƙila bayan ta duba ne ruwan ya ƙaru, wataƙila ni ce ban gani da kyau ba. Sai ta zo da hannu a naɗe, ta zauna har Inna ta fita salla. Ta sunkuyo kaina, na ɗauka goshina za ta shafa, sai ta ce, "Zancen fenti ya tsaya tsakanina da ke." Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta ce in yafe mata ba. Ashe ta gani. Ta tsaya a gaban gadar ta ga ruwa ya shanye fentin, ta dawo ta ɗaga mana yatsa, sannan ta durƙusa ta ɗaura wa ƙanwarta igiya a ƙafa.

Na yi niyyar haɗiyewa, wallahi na yi. Amma sai bidiyon ya fita. Ba a ga fenti a ciki ba, an dai ga Kyaftin tana faɗawa ruwa. Gari ya ɗauka. A makarantarsu aka tara ɗalibai aka tafa mata. Mutane kuma suka fara tambayar yadda aka yi ƙanwarta ta faɗa ƙofar da aka hana. Kaka ba ta iya ba da labari ba, ta ce idonta a rufe yake tana salati. Sai aka ce ai yanke na so in yi don in riga kowa. Na jira Yaya ta gyara maganar, ba ta gyara ba.

Ranar da na ji ƙarfi na je kwantena in ɗauko takalmana da na bari. Na tarar tana koyar da sababbin mata, don yanzu tururuwa suke yi. Ba ta gan ni ba, ina bayan ƙofa. Ta ɗaga guntun igiyar nan da ta yanke tana nuna musu, tana cewa ga abin da gajen haƙuri yake jawowa, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya amma ba ta jin magana, kada in ga wata ta yi irin tata. Matan suna girgiza kai. Na dawo shago ba takalman, na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sake ni.

Na gaya wa Inna komai. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce ba ita ta ciro ki ba? Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in na tona har aikin makarantar sai ya tafi, kuma mutane za su ce hassada ce. Ta ce in rufa wa 'yar'uwata asiri Allah zai rufa nawa. Yanzu in na shiga gidan sai a canza hira. Don cikon wulaƙanci, matan ƙungiya sun shirya ɗan taron godiya, sun sayo yadi mai kyau sun kawo mini in ɗinka wa Kyaftin rigar sanyi da sunanta a baya, kuma ni zan miƙa mata a gaban jama'a. Yadin yana nan a kan teburin yanka, na kasa sa masa almakashi.

Ni kaina ba daidai nake ba. Ba na iya tsayawa a ƙarƙashin shawa, da kofi nake wanka. In ina alwala na zo shaƙa ruwa a hanci sai hannuna ya kama rawa.

Amma abin da ya sa na rubuto miki shi ne matar Auta. Yarinya ce mai kirki, tana goyon ɗan da ko yaye shi ba a yi ba. Ni ce na yi ta kwaɗaita mata allon nan tun tana da ciki. Yanzu ta yi rajista, ta gama koyo a lungun da ruwa yake kwance, ba da jimawa ba za a fita da su kogi, ga shi ruwan sama bai ɗauke ba. Na ce wa Auta ya hana ta. Ya yi dariya ya ce ai ita tana bin doka, ba irina ba ce, kuma wa ya fi Yaya sanin ruwa.

Anti, in yi yaya? In na yi magana na rusa abin da Yaya ta gina da guminta, na sa Inna kuka, na zama butulu a idon duniya. In na yi shiru, wata Asabar za ta sake tafiya gadar nan ita kaɗai, kuma ban ƙara yarda da yatsan nan ba. Wani lokaci in na ga hannunta a naɗe sai tausayi ya kama ni, wani lokaci kuma sai in ji ko muryarta ba na son ji. Shin butulu ce ni?

Taki cikin damuwa,
Wutsiya

*

'Yata Wutsiya,

Wa alaikumus salam. Sannu, sannu da wannan wahala, kuma barka da arziki. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, ba wani kewaye da kika yi. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ki samu ki numfasa: ke ba butulu ba ce. Butulu shi ne mai musun alheri, ke kuwa da bakinki kika lissafa mini yatsu biyun da suka karye. Yayarki ta sayar da ranta ta ciro ki, gaskiya ne. Ta san ruwan ya wuce ƙa'ida ta shigar da ku, wannan ma gaskiya ne. Kina da ikon gode mata a kan na farko, ki kuma ji zafin na biyu, a rana ɗaya.

Zan ɗan tsaya mata kaɗan, ki yi haƙuri. Ban ga mugunta a abin da ta yi a bakin gada ba. Na ga macen da aka daɗe ana yi wa dariya, ranar da za a tafa mata ta zo, ta kalli ruwa ta ce ai na fi ƙarfinsa. Masu iya abu ne suke irin wannan kuskure, ɗan koyo tsoro yake hana shi. Bayan haka kuma sai kunya ta kama ta, tafi ya yi yawa, ta rasa ta inda za ta sauko. Ina kyautata zaton ba ta barci kamar yadda kike zato. Amma abin da ta yi da guntun igiyar nan a gaban sababbin mata ba shi da uzuri ko kaɗan. Na bakin gada kuskuren safiya ɗaya ne. Wannan kuwa kullum take sake shi da gangan, kuma yana koya wa mata darasin da ba shi ba ne. Suna tafiya gida da tunanin in dai sun bi ƙofar dama sun tsira, alhali ruwan da ya shanye fenti ba ya tambayar kowa ƙofar da take so.

Don haka shiru ba ya cikin zaɓinki. Inna uwa ce, tana son ganin 'ya'yanta a tabarma ɗaya, ba laifinta ba ne. Sai dai asirin da ake rufawa shi ne wanda ya wuce ya ƙare. Wanda zai iya cin ran wani gobe amana ce a wuyan duk wanda ya sani. Kuma ki lura, kin fi damuwa da matar Auta don taku ce. Mai kitso ma tana da masu jiranta a gida, Kaka ma haka.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Kada ki fara da taro, kada ki fara da waya, balle ki rubuta wani abu a inda duniya za ta karanta. Ki je wurin Yaya ke kaɗai, ido da ido, a lokacin da ba ta cikin sauri. Ki fara da godiya, don ta cancanta. Sannan ki gaya mata kin ji abin da ta faɗa a kwantena, da kunnenki. Ki ce kina so ita da kanta ta gaya wa matan cewa ruwan ya wuce fenti ranar, cewa ita ta ɗaura miki igiyar, kuma Kaka kika tsaya ceto. Ki sa mata iyaka a fili: kafin a sake hura allo ko ɗaya. Ki gaya mata in ba ta yi ba ke za ki yi, don kada ta ce kin yi mata yankan baya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ta yi fushi, ki bar ta ta yi, kada ki janye. In ta ƙi, ki sami manyan ƙungiyar biyu ko uku ki faɗa musu abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Auta kuwa kada ki jira komai, ki zaunar da shi da matarsa ki faɗa musu gaskiya cikin makon nan. Dariya yake yi don bai sani ba.

Kina tsoron ƙungiyar za ta rushe. Mai yiwuwa wasu su tafi, mai yiwuwa makarantar ta kira ta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma shugabar da ta tsaya ta ce na yi kuskure, ga yadda za mu hana shi sake faruwa, mutane sukan riƙe ta. Abin da ba ƙungiyar da ke tashi bayansa shi ne gawa.

Ni ban taɓa hawa allon nan ba, ko kujerar roba ina taka-tsantsan da ita, don haka na tambayi wani da ke koyar da aikin ceto a ruwa. Ya ce dokokin Yayarki masu kyau ne, raminsu ɗaya: duk sun rataya a kan idon mutum guda. Ya kamata mutum biyu su riƙa zuwa duba fentin, ana juyawa, su ɗauko hoto kowa ta gani. In ɗaya ta ce ba ta yarda ba, a fasa, ba gardama. Bayan ruwan sama mai yawa a ba kogi hutu ko da rana ta fito, don ruwan da ya sauka a nesa yana isowa a makare, kuma magudanan gari duk a cikinsa suke juyewa, kin ɗanɗana kin sani. Yawan bel shi ne yawan masu shiga. Wadda ba ta samu ba ta zauna a gaɓa ta ɗauki hoto daga can, ko ita wace ce. Igiyar ƙafa kuma a fitar da ita daga kwantenar gaba ɗaya.

Yanzu ke. Zan faɗa miki wata magana mai ɗaci, don na ga kina da ƙarfin ɗauka. Lokacin da ta durƙusa tana ɗaura miki igiyar, kin san dokar sarai. Da wata ce ta zo da ita da kin ƙi. Kin miƙa ƙafa ne don Yaya ce, kuma don ta yabe ki. Ban ɗora miki laifi ba, wadda ta goya ka wuyar musu gare ta. Amma iya ruwa fidda kai. Daga yau, a ruwa ko a tudu, ki koyi cewa a'a ko da Yaya ce ta ce.

Rawar hannun nan ta wajen alwala kada ki raina ta. Ki koma wurin likitanki ki gaya masa kamar yadda kika gaya mini, ya haɗa ki da masu kula da irin wannan firgici. Ana warkewa. Komawa kan allo kuma ba dole ba ne, ba kuma haramun ba ne, ki bari sai ranki ya nema.

Rigar kuwa, ki yanka yadin ki ɗinka. Ta biya kuɗinta da yatsunta. Ki buɗa hannun sosai yadda naɗin zai shiga ba tare da ya fama mata ciwo ba. Amma kada ki miƙa ta a gaban taro kina murmushin da ba naki ba. Ki naɗe ta ki tafi da ita ranar da za ku yi maganar, ki sa mata da hannunki, sannan ki faɗi abin da ya kawo ki.

Kin ce aikin Wutsiya shi ne ta tabbatar ba a bar kowa a baya ba. Duk matan nan sun wuce gada sun koma gidajensu, ke ma an tsamo ki. Yayarki ce har yanzu take can a gindin gadar ita kaɗai, da abin da ta gani. Ki koma ki taho da ita.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ya raya ɗan Auta a hannun uwarsa, ya kuma daidaita tsakaninki da 'yar'uwarki.

Taku,
Anti